A Nepal, takarda ce ke gaba ko iya aiki?

Ɗanbaba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan zanga-zangar matasan Nepal ta watan Satumban 2025, wadda ta sa Firaminista K.P. Oli ya sauka, 'yan ƙasar ke ta muhawara kan wanda ya cancanci riƙe su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da an ambaci sunan mutum sai a fara da inda ya yi karatu: Budhanilkantha ne ko St. Xavier's, kwalejin injiniya ta Pulchowk ce, Harvard ce ko wata jami'ar Indiya. Maganar me ya taɓa ginawa, ko yaya ya riƙe amana, sai daga baya take zuwa, in ma ta zo. Daga ina wannan ɗabi'a ta samo asali? Ta wace hanya take aiki a zahiri, wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da sauransu? Kuma da gaske takarda ce ke mulki a ƙasar, ko dai ana zuzutawa ne? Masu sani a taimaka.

Malam Na-Zariya:

Wa alaikumus salam Malam Ɗanbaba. Asalin abin ƙarancin makaranta ne da aka yi da gangan. Gidan Rana sun mulki Nepal daga 1846 zuwa 1951. Jung Bahadur Rana ya ziyarci Ingila a 1850, ya dawo ya buɗe makarantar Durbar a fada don 'ya'yan gidansu su koyi Turanci. Kwaleji ta farko, Tri-Chandra, sai a 1918 aka kafa ta. Jami'a kuwa babu ko ɗaya sai 1959 da aka buɗe Tribhuvan. A lokacin da mulkin Rana ya faɗi, waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su kai 5 cikin 100 ba. To a irin wannan hali duk wanda ya riƙe takarda, kowa ya san daga wane gida ya fito. Takarda ta fara zama shaidar asali tun kafin ta zama shaidar ilimi, kuma wannan tabo bai goge ba har yau.

Abu na biyu shi ne jarrabawar SLC ta ƙarshen aji 10, wadda aka fara a 1934. Su da kansu suna kiranta ƙofar ƙarfe. Ga yadda take a da: makin ci 32 ne a kowane darasi, kuma in yaro ya faɗi darasi ɗaya tak, ba shi da takarda sai ya sake zama. Waɗanda suka ci ana jera su hawa-hawa: daga maki 80 zuwa sama fitattu, daga 60 rukuni na ɗaya, daga 45 na biyu, daga 32 na uku. Wanda ya zo na ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sunansa na fita a jarida da rediyo, laƙabin kuma ya bi shi har tsufa. Baburam Bhattarai ya yi na ɗaya a 1970 daga wata makarantar ƙauye a Gorkha. Ya yi digirin digirgir a jami'ar Jawaharlal Nehru da ke Delhi, ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen 'yan Mao, ya yi firaminista daga 2011 zuwa 2013, amma har gobe in za a gabatar da shi sai an tuna waccan jarrabawa ta yarinta.

Matsalar ita ce ƙofar ba basira take tacewa ba kamar yadda ake zato. A shekaru da dama fiye da rabin masu zama ne ke faɗuwa, galibi a lissafi da Turanci da kimiyya. A wajajen 2014 makarantun kuɗi na cin kusan 9 cikin 10, na gwamnati kuwa ba sa kai 1 cikin 3. Wani ɓangare na wannan tazara koyarwa ce, amma wani ɓangaren dabara ce. Makarantu kan yi gwajin share fage kafin jarrabawar, su hana raunanan yara rajista don kada su ɓata musu adadi. Aji 9 da aji 10 kusan gaba ɗaya haddar tsofaffin tambayoyi ake yi. Da sakamako ya fito sai ka ga hotunan yaran da suka yi zarra a allunan talla a titunan Katmandu, don jawo iyayen shekara mai zuwa.

A 2016 aka koma bayar da sakamako da haruffa, daga 2017 kuma aka sauya sunan jarrabawar zuwa SEE, da nufin rage mata kwarjini. Na ɗan lokaci kusan kowa na wucewa aji 11. Da aka dawo da sharaɗin cin 35 cikin 100 a rubutacciyar jarrabawa, sakamakon 2024 ya nuna sama da rabin ɗalibai ba su kai ba. Wato suna aka sauya, koyarwar na nan yadda take.

Su kuma makarantun da ka ambata, St. Xavier's limaman Jesuit ne suka kafa ta a Godavari a 1951, Budhanilkantha kuma an buɗe ta a 1972 da tallafin Birtaniya, kuma Yarima Dipendra ma can ya yi kafin ya tafi Eton, inda mahaifinsa Sarki Birendra ya yi. Don adalci, Budhanilkantha na ware kusan kashi ɗaya cikin uku na gurabenta ga yaran da ake zaɓowa daga gundumomi a ba su karatu kyauta. Abin da waɗannan makarantu ke bayarwa wanda saura ba sa bayarwa shi ne Turanci mai santsi, da abokan aji da za su zama manya, da malaman da suka san yadda ake cike takardun neman gurbi a Amurka. A ƙasar da hukumomin agaji na waje ke cikin masu biyan albashi mafi tsoka, Turanci kaɗai ya isa ya raba mutum biyu masu basira ɗaya.

Hajiya Uwani:

Malam, Allah ya ƙara sani, tarihin ya fito. Amma ban yarda a ce takarda ce ke mulki a Nepal ba. Dubi waɗanda suka riƙe ƙasar. Oli ba shi da digirin jami'a, shekara 14 ya yi a kurkuku daga 1973 zuwa 1987, kuma ya yi firaminista fiye da sau ɗaya. Kundin tsarin mulkin 2015 bai gindaya wani matakin karatu ga ɗan majalisa ba. Harka Sampang, wanda ya yi aikin ƙwadago a ƙasashen waje, ya ci kujerar magajin garin Dharan a 2022 ba tare da jam'iyya ba, ya kuma yi suna da fitar da jama'a aikin gayya don jawo ruwan sha. A tsohuwar siyasar ƙasar, shekarun da mutum ya yi a ɗaure sun fi digiri tsada.

Abin da ke yanke hukunci shi ne wa ka sani. Masanin nan Dor Bahadur Bista ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1991, inda ya yi magana a kan "afno manche", wato mutanenka na jiki, da kuma "chakari", wato zaryar gaisuwa da fadanci a ƙofar babba har ya tuna da kai. Takarda tana shigar da kai cikin jerin sunaye ne kawai. Wanda zai ɗauko sunanka daga jerin, wannan sai naka. Misali mafi sauƙi jami'ar Tribhuvan ce kanta: firaminista ne uban jami'a, kuma an daɗe ana raba kujerun shugaban jami'a da muƙarrabansa tsakanin manyan jam'iyyu. Duk masu neman kujerun suna da digirin digirgir, saboda haka digirin ba ya bambanta kowa da kowa. Sakamakon wannan rabo ɗalibai ke ɗauka: ƙungiyoyin ɗalibai na jam'iyyu su garƙame ofisoshi da kwaɗo, sakamakon jarrabawa ya yi kusan shekara bai fito ba, digirin shekara 4 ya cinye 5 ko 6.

A nawa ganin, ɗokin da matasa ke yi wa masu manyan takardu martani ne ga wannan. Sun gaji da wanda cancantarsa kawai ita ce biyayya ga shugaban jam'iyya, sai suka nemi ma'aunin da jam'iyya ba ta isa ta bayar ba. Shi ya sa a yaƙin neman zaɓen Balen Shah na magajin garin Katmandu a 2022 aka yi ta nanata cewa injiniyan gine-gine ne. Shi ya sa Swarnim Wagle, wanda ya yi Budhanilkantha da jami'ar LSE ta Landan da Harvard, ya ci zaɓen cike gurbi na Tanahun a 2023 da rata mai yawa, kuma aka yi ta murna da Sumana Shrestha mai digirin jami'ar MIT ta Amurka ta zama ministar ilimi a 2024. Dalilin yana da ma'ana. Inda ya gaza shi ne, shiga Harvard na nuna mutum ya iya cin gasa ta karatu, ba ya nuna zai iya sa ma'aikatar da ba ta so ta yi aiki ta yi, ko zai iya cewa a'a ga ɗan kwangilar da ya ɗauki nauyin kamfen ɗinsa. Kulman Ghising, shugaban hukumar lantarki a lokacin, ya kawo ƙarshen ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa a Katmandu a 2016. Injiniya ne da ya yi karatu a Jamshedpur ta Indiya, amma hukumar lantarkin cike take da injiniyoyi tun kafin shi. Abin da ya yi dabam shi ne ya rage wa manyan masana'antu wutar da ake ware musu a lokacin da gidaje suka fi buƙata, ya kuma jure matsin da ya biyo baya. Babu jarrabawar da ke auna wannan.

Ɗanbaba:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To ke nan a sama siyasa da sanayya ne. Amma a aikin gwamnati na yau da kullum fa? Na ji ana yabon hukumar ɗaukar ma'aikatansu cewa ba a saye ta.

Malam Na-Zariya:

Hajiya ta yi gaskiya game da manyan kujeru. A ƙasa kuwa takarda ce tsani, kuma a rubuce yake. Hukumar ita ce Lok Sewa Aayog, an kafa ta a 1951, kuma lallai tana cikin hukumomin da jama'a suka fi yarda da su, don ana ɓoye sunan mai jarrabawa da lambobin sirri kafin a duba takardarsa. Matakan shiga uku ne: Kharidar na buƙatar takardar aji 10, Nayab Subba takardar aji 12, hafsan sashe kuma digiri na farko. Ga mai neman hafsa, akwai gwajin tacewa na zaɓin amsa inda ake cire maki kan amsar da ba daidai ba, sai rubutattun takardu, sai gwajin kwamfuta da ganawa baki da baki. Tun gyaran dokar 2007 ana ware 45 cikin 100 na gurabe. A cikin wannan kaso mata na da 33, ƙabilun asali 27, Madhesi (mutanen filayen kudu) 22, Dalit (waɗanda tsarin asali ya ajiye a ƙasan ƙasa) 9, masu naƙasa 5, yankunan da aka bari a baya 4.

Tsabtar jarrabawar ba ta hana ta karkata ba. Ana rubuta ta ne galibi da harshen Nepali na ofis, alhali ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda Nepali ne harshen uwarsu ba su kai 45 cikin 100 ba. Yaron gidan Bahun (rukunin da ke saman tsarin asali na Hindu) da ya tashi yana ganin littafi da jarida a hannun mahaifinsa ya riga ɗan ƙabilar Tamang ko Tharu nisa tun kafin a shiga ɗaki. Bahun da Chhetri (rukunin da ke bi musu a daraja) na tsaunuka ba su kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a ba, amma su ne mafi rinjaye a manyan ofisoshi.

Wajen ƙarin girma ne abin ya fi fitowa fili. Ana auna ma'aikaci da maki 100. Maki 40 na ingancin aiki ne, sauran an raba su tsakanin daɗewa, aiki a yankuna masu nisa, takardun karatu da horo. A takarda ingancin aiki ne ya fi nauyi. A aikace shugabanni kan ba kusan kowa cikakken maki, don babu mai son a ce shi ya toshe wa wani hanya. Da zarar kowa ya sami 40 ɗinsa, wannan ma'auni ya mutu, sai ɗan makin da digiri na biyu ke ƙarawa ya zama shi ne mai rabawa. Nan ne ake samun ma'aikacin da ke rajistar digiri na biyu ba ya zuwa aji, a fannin da ya fi sauƙin ci, kuma nan ne kasuwar masu rubuta wa mutane kundin bincike ke samun ciniki.

Nas Talatu:

Bari in ƙara da ɓangaren likitanci, don a can ne farashin takarda ya fi bayyana. Burin iyaye masu hali shi ne ɗa ya zama likita ko injiniya, kuma har wajen neman aure waɗannan biyu ne a sahun gaba, sai mai takardar zama a Ostareliya. Hanyar ita ce: yaro ya ci SEE da maki mai kyau, ya yi darussan share fage na kuɗi a watannin hutu, ya sami gurbin kimiyya a aji 11 da 12, sannan ya zauna jarrabawar shiga. Gurabe masu arha a Maharajgunj, inda babbar makarantar likitanci ta gwamnati take, 'yan kaɗan ne. Saura sai kwalejoji masu zaman kansu, inda kuɗin da hukuma ta ƙayyade ma ya haura rupi miliyan 4, ko kuma a tafi Bangladesh ko Sin. Akwai iyalan da ke sayar da gona saboda wannan.

Inda buƙata ta kai haka, jabu na shigowa. A 2016 sashen binciken manyan laifuka na 'yan sandan Nepal ya kama likitoci da dama da ke aiki a asibitoci, bayan an gano takardunsu na bogi ne. Abin lura, a yawancin lokuta takardar aji 12 ce ta jabu, wadda aka samo da sunan hukumomin jarrabawa na Indiya, musamman Bihar. Da ita mutum ya shiga makarantar likitanci a waje, ya dawo da digiri. Kuskuren masu tantancewa shi ne sun duba takarda ta sama suka bar ta ƙasa. Tantancewa ta gaskiya daga tushe ake farawa: a rubuta wa hukumar da ta ba da takardar aji 10 da ta aji 12 kai tsaye, a gwada lambar rajista da shekarar zama da ranar haihuwa, kada a karɓi wasiƙar tabbaci daga hannun mai takardar. Ko kotun ƙoli ba ta tsira ba. A watan Maris 2018 aka sauke Alƙalin Alƙalai Gopal Parajuli saboda saɓanin ranar haihuwa a takardunsa, wanda ya nuna ya riga ya wuce shekara 65 ta ritaya. A watan Agusta na shekarar kwamitin majalisa ya ƙi amincewa da Deepak Raj Joshee a kujerar, kuma shakku kan takardarsa ta SLC na cikin abubuwan da aka tayar.

Dakta Govinda K.C., likitan ƙashi a asibitin koyarwa na Tribhuvan, ya fara yajin cin abinci a 2012 kan naɗa shugaban makarantar likitanci ta hanyar siyasa, ya kuma maimaita yajin sau da yawa kan cinikin lasisin buɗe kwalejoji. Daga nan aka sami rahoton kwamitin Mathema kan gyaran ilimin likitanci a 2015, sai dokar ilimin likitanci ta 2019. Dokar ta kawo jarrabawar shiga guda ɗaya ga kowa, ta ƙayyade kuɗin makaranta, ta sa 75 cikin 100 na gurabe a kwalejojin gwamnati su zama kyauta, ta kuma dakatar da buɗe sababbin kwalejojin likitanci a kwarin Katmandu na shekara 10. Amma jarrabawar lasisi ta majalisar likitoci na ci gaba da kayar da masu digiri da yawa a kowane zama. Da majalisar injiniyoyi ta fara nata gwajin lasisin, mafi yawan waɗanda suka zauna a karon farko faɗuwa suka yi. Duk masu digiri ne a hannu.

A gefe guda ga mata 'yan sa-kai na lafiya a ƙauyuka, shirin da aka fara a 1988, su kusan 50,000. Horonsu na farko kwana 18 ne, da yawansu a da ba su gama firamare ba. Su ke raba sinadarin bitamin A sau biyu a shekara, su kula da masu ciki, su ba da ruwan gishiri da sukari ga yara masu gudawa, kuma ana danganta musu kaso mai kyau na raguwar mutuwar yara a ƙasar. Albashi ba su da shi, sai ɗan alawus.

Injiniya Bala:

Anti Talatu ta taɓo inda nake so in tsaya. Raina aikin hannu a Nepal yana da doka a bayansa. Kundin Muluki Ain na 1854 ya jera jama'a daki-daki, ya sa maƙera (Kami), da teloli da makaɗa (Damai), da dukawa (da harshensu ana kiransu Sarki) a ƙasan ƙasa, cikin waɗanda ba a shan ruwa daga hannunsu. An soke wannan a 1963, an mai da wariyar laifi da dokar 2011, amma tunanin cewa mai ilimi shi ne wanda ba ya taɓa ƙarfe ko fata ko laka ya zauna. Shi ya sa hukumar koyar da sana'a, CTEVT, wadda aka kafa a 1989, iyaye ke ganinta a matsayin wurin yaron da ya kasa, kuma gurabe na zama wayam a makarantunta.

Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015, wadda ta kashe mutum kusan 9,000, ta tona wannan. Gwamnati ta ba kowane gida da ya rushe rupi 300,000 kashi uku: 50,000, sai 150,000, sai 100,000, kuma ba a sakin kashi na gaba sai an duba an ga ginin ya bi ƙa'ida. Ƙa'idar ta magina ce: ɗamarar kankare ko ta katako a matakin tushe, da ƙasan taga, da saman ƙofa, da ƙarƙashin rufi, duwatsu masu ratsa kaurin bango don kada fuskokinsa biyu su rabu, kusurwoyi a ɗaure, ƙofa da taga nesa da kusurwa. An tura matasan injiniyoyi ƙauyuka su duba, alhali karatunsu na siminti da rodi ne, gidajen kuwa na dutse da laka. Ƙwararrun magina da yawa suna Katar da Malesiya. Dole aka shiga horar da magina cikin gaggawa, kwana 7 ga wanda ya riga ya iya gini, kusan kwana 50 a bakin aiki ga sabon shiga. Gidaje da yawa sun maƙale a kashi na farko saboda an zuba tushe ba ɗamara, ba wanda ya gaya wa maginin kafin ya fara.

Game da fita waje kuma, ma'aikatar ilimi ta bayar da takardun izinin karatu a ƙetare sama da 100,000 a shekara guda, a 2022/23 da kuma 2023/24, a ƙasa mai mutum miliyan 29. Japan da Ostareliya da Kanada ne a kan gaba, kuma unguwar Putalisadak a Katmandu cike take da ofisoshin dillalan gurbi. Kaso mai yawa na masu tafiya makarantun koyon harshe da ƙananan kwalejoji suke shiga, don bizar ɗalibi na ba da damar yin aiki. Wanda ya dawo da digirin waje yana son aikin gwamnati sai ya kai shi jami'ar Tribhuvan ta tabbatar ya yi daidai da nata, kuma nan ake tsayawa in shekarun karatun ba su kai na gida ba, misali digiri na biyu na shekara ɗaya irin na Ingila. A lokaci guda masu digirin Tribhuvan ɗin na cika ajujuwan koyon harshen Koriya, don cin jarrabawar da ke kai mutum aikin gona ko masana'anta a Koriya ta Kudu, inda albashin wata ya ninka na hafsan sashe sau da yawa.